Mudun Ɗumi

Shekara talatin ina awon gero a kasuwar Wunti,
mudu bai taɓa yi mini gardama ba.
A cika, a yi masa tozo,
mai saye ya gani, ni ma na gani.
Sai ga shi da furfurata an ce in auna ɗumi.

Gidanmu na haya a Yalwa, ƙofa bakwai,
mita ɗaya tal a zaure, tana ƙifta ja
kamar idon da bai samu barci ba.
Katin dubu goma ranar Lahadi,
kafin Laraba duhu.
Tun da sanyi ya gangaro daga duwatsun Bauchi
kowa ya zama ɗan sandan maƙwabcinsa.

Asabe ta ce Barau tela ne da dutsen gugarsa.
Barau ya ce a tambayi mai jego
bokiti nawa take tafasawa kafin assalatu.
Bulus ya rantse hitarsa ta ƙone tun bara,
alhali tururi na bin ƙasan ƙofarsa.
Aka tara kuɗi a hula, aka miƙo mini:
Baba Gidado, kai ka san awo, je ka zaɓo.

Yaron shago ya jera mini iri uku.
Mai faifai, tsohuwar hannu, tana juyi kamar ta gaji;
mai lambobi masu haske, da ɗan tsada;
sai wata 'yar mitsitsiya da ya ce
tana ƙirga, amma wani lokacin da son rai.
Na ce mudu mai bugaggen gindi na san shi,
ba ya shiga gidana.
Na ɗauki mai lambobi, guda bakwai,
don ko wanda bai yi boko ba ya san lambar da ke jikin kuɗi.

Bayan mako muka taru da fitilar waya.
Barau, sha tara.
Asabe, ashirin da shida, ba wanda ya ce uffan.
Bulus ya tsaya sosa ƙeya a kan talatin.
Sai ƙofar ƙarshe, ta Inna Dije,
wadda sunanta bai taɓa shiga rigimar ba:
sittin da ɗaya.

Ɗan murhun lantarki ne a gefen gado,
kwana yake a kunne saboda gwiwoyinta.
Ba ta yi musu ba.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirga, bai kai ba,
ta ce a yi mata haƙuri zuwa tsayuwar wata.

Daga ranar lambarta ta tsaya cik.
Kati ya kai Asabar, har ya leƙa wata Lahadin.
Ana ta sa mini albarka a bakin famfo.

Ni kuwa bangona ya yi sanyi.
Bulo ɗaya ne tsakanina da ita,
ashe duk dararen nan
da ɗuminta nake jingina bayana in yi barci,
ban biya ko sisi ba,
kuma ba mitar da ta rubuta.
Yanzu tarinta ke ratsowa
ta inda ɗumin yake ratsowa.

Jiya na koma wajen yaron,
na sayi waya yadi shida.
Na zura ta saman bango, inda kwano bai haɗu ba.
Ta ɗaga kai ta ce, wannan fa?
Na ce gyara ne, Inna,
ban taɓa sallamar mai saye babu shi ba.

Da safe Barau ya haska mitata,
ya dube ni, ya sake duban lamba.
Baba, kai ma ka fara?
Na ce tsufa ne, Barau,
rubuta.